'Yata tana Tampa kuma lokacin mahaukaciyar guguwa ya kama: yaya ake ficewa da yara, tsohuwa da dabbobin gida?

Maman Halifa, Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar iyaye da 'yan uwa, musamman waɗanda suka taɓa zama a Amurka ko suke da ilimin wannan al'amari. 'Yata ta fari tana aure a birnin Tampa na jihar Fulorida, inda mijinta yake aiki, kuma wannan ce daminarta ta farko a can. Suna da yara biyu ƙanana, sannan mahaifiyar mijin tana tare da su, tsohuwa ce mai ciwon suga da ake yi wa allurar insulin kullum. Akwai kuma kyanwa guda da yaran suka shaƙu da ita ƙwarai, da aku a cikin keji.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ta shaida mini cewa gidan da suke haya yana kusa da bakin ruwa, kuma hukumar yankin ta sa unguwarsu a cikin shiyyar da ake kira A, wadda ita ake fara umarta da ta tashi idan guguwa ta doso. Da ta yi wa mijin maganar shiri, sai ya ce ginin mai ƙarfi ne, kuma idan abin ya yi tsanani za su zuba wa dabbobin abinci da ruwa su kulle su a gida, ko kuma shi ya zauna da su ita ta tafi da yara da tsohuwa. Dukan hanyoyin biyu ba su kwanta mini ba.

Ina son in san lokacin da ya dace mutum ya fita, da inda zai nufa, da abin da zai ɗauka, da kuma yadda ake yi da dabbobin. Bayan haka, kun san tsakanin suruka da suruki akwai kunya, ba zan iya kiransa in yi masa faɗa ba, don haka ina neman hanyar da maganar za ta kai gare shi ba tare da ya ga an shiga masa gida ba. Allah ya saka da alheri.

Alhaji na Obalende

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na zauna a Houston ta jihar Teksas kafin in dawo Legas, kuma damuwarki tana kan hanya. Zan fara da abin da surukinki ya dogara da shi, wato ƙarfin gini, domin a nan ne mafi yawan baƙi suke ruɗuwa. Shiyyoyin nan da aka raba da haruffa ba don iska aka zana su ba, an zana su ne don tumbatsar teku. Guguwa tana tura ruwan teku gabanta ya hau tudu, kuma a wuri mai kwari kamar gaɓar Tampa ruwan yana iya haura tsayin mutum a cikin ɗaki. Gini komai ƙarfinsa ba ya hana ruwa shiga ta ƙofa da taga. A tarihin guguwoyin Amurka ruwa ne ya fi kashe mutane, tumbatsa da ambaliyar ruwan sama, ba iska ba.

Ba sai an je da nisa ba wajen kawo misali. A ƙarshen Satumban 2024 guguwar Helene ta wuce Tampa ta can cikin teku, ta sauka a arewacin jihar, amma duk da haka tumbatsarta ta shiga gidaje masu yawa a yankin Tampa, kuma an rasa rayuka a unguwannin bakin ruwa. Mako biyu bayan nan, ranar 9 ga Oktoba, Milton ta sauka kusa da Sarasota, kudu da Tampa kaɗan. Kafin su, a Satumban 2022, hasashen farko ya nuna Ian za ta nufi Tampa, sai ta karkata kudu ta afka wa yankin Fort Myers ranar 28 ga watan, inda mutane da yawa, akasarinsu tsofaffi, suka nutse. Wannan ya nuna cewa layin da ake zanawa a taswira yana iya sauyawa a cikin yini guda, saboda haka kada a ce an ga ta nufi wani gari an kwanta.

Game da lokaci, kakar guguwa a tekun Atilantika tana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ta fi zafi daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Wani abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne yawancin manyan guguwoyin nan daga wajenmu suke samo asali: hadarin da yake ratsa yankin Sahel daga gabas zuwa yamma a tsakiyar damina, idan ya faɗa teku ta wajen Senegal da tsibiran Cape Verde ya tarar da ruwa mai ɗumi, shi ne wani lokaci yake girma ya zama guguwa. Cibiyar kula da guguwa ta ƙasar, wadda take Miami, tana fitar da sanarwar a zauna cikin shiri kimanin awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, sannan gargaɗi na sosai kimanin awa 36 kafin ta iso. Umarnin tashi kuwa hukumar gunduma ce take bayarwa, shiyya bayan shiyya. Ra'ayina shi ne gidan da yake da tsohuwa mai allura da ƙananan yara da dabbobi biyu bai kamata ya jira umarnin dole ba. Da zarar an yi sanarwar farko kuma garinsu yana ciki, su loda mota, idan an kira shiyyarsu su kasance sun riga sun kama hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shirin da ya kamata a gama tun yanzu ba mai wuya ba ne. Kada tankin mota ya sauka ƙasa da rabi har kakar ta wuce, domin gidajen mai suna ƙafewa da zarar jama'a sun firgita. A haɗa fasfo da takardun izinin zama da na haihuwar yara da na hayar gida da na inshora a cikin jaka guda da ruwa ba ya shiga, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Ga baƙo a ƙasar wani, asarar waɗannan takardu ta fi asarar kujeru da talabijin ciwo. A ajiye tsabar kuɗi a hannu, saboda idan wuta ta ɗauke na'urar cirar kuɗi da ta biya da kati duk suna tsayawa. Ruwan sha ana lissafa kimanin lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, na kwanaki da dama. Su kuma bincika inshorarsu, domin wadda aka saba yi wa gida ko kayan ɗan haya ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi ta ambaliya daban, kuma ta gwamnatin tarayya sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki.

Tsohuwar nan ita ce ta fi ba ni tsoro. Insulin yana lalacewa da zafi, don haka a tanadi ƙaramar kula da ƙanƙarar roba, amma kada kwalbar ta taɓa ƙanƙara kai tsaye, domin daskarewa ma tana ɓata shi. Dokar Fulorida ta ba da damar a karɓi magani kafin lokacinsa idan gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci, kuma jihar tana da rajistar masu buƙata ta musamman da ake shiga tun kafin guguwa ta taso. Su sa sunanta yanzu.

Likitan dabbobi, Oko-Oba

Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. Alhaji ya yi bayanin mutane, ni zan tsaya a kan dabbobin, kuma ina roƙon kada kowa ya ɗauki wannan ɓangaren a matsayin ƙaramin abu, domin sau da yawa dabba ce take sa mutum ya ƙi fita, kamar yadda surukinki ya fara nunawa.

Amurkawa sun koyi wannan darasi da tsada. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans a ƙarshen Agustan 2005, shingayen ruwa suka karye, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin, aka rasa rayuka fiye da 1,000. A cikin waɗanda suka ƙi tashi akwai masu yawa da suka tsaya saboda motocin ceto da matsugunai ba sa karɓar dabbobi. Shi ya sa a 2006 majalisar ƙasar ta yi doka wadda ta wajabta wa jihohi da ƙananan hukumomi su sa dabbobin gida a cikin tsarinsu na kwashe jama'a idan suna son tallafin tarayya. A yau gundumomin Fulorida suna buɗe wasu matsugunai da ake shiga da dabba. Jihar ta ƙara tsananta doka a 2025, bayan an tsinci wani kare ɗaure a jikin shinge a gefen babbar hanya, ruwa ya kai masa ƙirji, gabanin isowar Milton. Yanzu ɗaure kare a waje a gudu a bar shi lokacin bala'i babban laifi ne.

Kulle kyanwa a gida da kwanon abinci ba mafita ba ce. Wanda ya fita yana zaton kwana biyu zai yi yana iya tarar da an rufe hanya mako guda ko fiye, ruwan gishiri da na masai sun gauraya a cikin ɗaki, ga zafi babu wuta. Kyanwa kuma idan ta yi kwanaki ba ta ci abinci ba hantarta tana iya taɓuwa, abin da yake kai ta ga mutuwa.

Abin da za su yi tun yanzu shi ne su kai ta wurin likita a sabunta mata allurar riga-kafin ciwon haukan kare, su karɓi takardar shaida, domin matsugunai da wuraren ajiye dabbobi suna tambayarta. A sa mata 'yar na'urar shaida da ake dasawa a ƙarƙashin fata, wadda girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a tabbatar lambar wayar da aka yi rajista da ita tana aiki. A sayi akwatin ɗaukarta a ajiye shi a buɗe a falo, a riƙa zuba mata abinci a ciki har ta saba, saboda kyanwar da ba ta san akwati ba sai an sha yaƙushi kafin ta shiga. Daren da za a tashi a rufe ta a ɗaki guda tun kafin a fara jan jakunkuna, domin da ta ji hayaniya za ta ɓuya a inda hannu ba ya kai wa, kuma iyali suna iya ɓata awa guda suna nemanta alhali hanya tana cika. A ɗauki abincinta na mako guda zuwa biyu, irin wanda ta saba, da yashin da take bayan gida a ciki. Ina gargaɗi da babbar murya: kada a ba ta maganin mutane don ta yi barci a hanya, kuma farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya guda tana iya kashe ta.

Aku ya fi wuyar sha'ani. Ba kowane matsuguni ne yake karɓar tsuntsu ba, wasu kare da kyanwa kawai suke ɗauka, saboda haka su buga waya su tambaya tun yanzu. A mota a sa shi a ƙaramin keji, a lulluɓe shi da zane mara nauyi don ya natsu, a nisanta shi da kyanwar da kuma iskar na'urar sanyaya mota. Hayaƙi da turare da maganin feshi suna yi wa tsuntsu illa da sauri. Kuma ko na minti kaɗan ne, kada a bar ɗayansu a motar da aka kashe a cikin rana.

Mai Tumatir, Mile 12

Salamu alaikum. Ni ban taɓa ganin guguwar Amurka ba, amma ruwa na san shi, domin duk wanda yake zaune ta wajen Agiliti ko Owode ko Isheri ya san abin da yake biyo baya idan aka saki ruwan madatsar Oyan kogin Ogun ya cika, kuma 'yan uwanmu na kasuwar Kara sun san wahalar kora shanu zuwa tudu da dare. Waɗanda suka ga ruwan 10 ga Yulin 2011 a Legas ba su manta ba. Abin da na lura da shi shi ne masu dabbobi su ne na ƙarshen fita, kuma su ne suke komawa cikin ruwa don ɗauko akuya ko kaji, a nan ake samun asarar rai. Saboda haka ina tare da Likita cewa a fita da su tun farko.

Shawarata ga Hajiya ita ce su yi nisa sosai. Tunda suna da mota, me zai hana su bar jihar gaba ɗaya su tafi wani gari kamar Atlanta, su zauna har komai ya lafa? Kuma a gaya wa 'yar taki kada su kuskura su shiga da mota cikin ruwan da yake gudu a kan titi, ko da suna ganin bai kai gwiwa ba.

Alhaji na Obalende

Malam Mai Tumatir, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce tsantsa: ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, na santimita 30 kuwa yana ɗauke ƙaramar mota. Amma batun yin nisa ban yarda da shi ba, kuma dalilina Houston ne. A Satumban 2005, 'yan makonni bayan Katrina, guguwar Rita ta doso Teksas, tsoro ya sa mutum fiye da miliyan biyu suka hau hanya kusan lokaci guda, har da waɗanda gidajensu ba sa cikin haɗarin ruwa. Motoci suka tsaya cik na kusan yini guda ko fiye a cikin tsananin zafi, mai ya ƙare wa mutane a kan titi, wata motar safa ɗauke da tsofaffi ta kama da wuta kusa da Dallas mutum fiye da 20 suka mutu. Waɗanda suka rasu a wajen gudun sun fi waɗanda guguwar kanta ta kashe a jihar.

Daga Tampa zuwa Atlanta tafiyar fiye da kilomita 700 ce, a kan babbar hanya guda wadda kowa zai bi, da tsohuwa mai ciwon suga da yara da dabbobi biyu a mota. Nisa kuma ba shi ne aminci ba, domin Helene ta fi yin kisa ne a can cikin ƙasa, a duwatsun yammacin North Carolina, ɗaruruwan kilomita daga teku. Abin da hukumomin Fulorida suke nanatawa shi ne a yi tafiyar 'yan kilomita goma-goma, a fita daga shiyyar ruwa zuwa gini mai ƙarfi a kan tudu. Gidan aboki ko ɗan uwa shi ne na farko, sai otal mai karɓar dabbobi da aka kama ɗaki tun da wuri, sannan matsugunin gwamnati idan babu waɗancan.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba

Bismillah. Hajiya ta yi tambaya a kan yadda magana za ta kai ga surukinta, kuma ina ganin ba ta bakinta ya kamata ta fito ba. Ki sanar da maigidanki, shi ya nemi mahaifin yaron ko wani babban yayansa da yake jin nauyinsa. Kada a ce masa ya yi kuskure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wataƙila tsadar otal ko tsoron rasa aiki ne yake damunsa bai faɗa ba. A tambaye shi ne kawai: ina za ka kai mahaifiyarka idan aka kira shiyyarku? Ɗa nagari ba ya iya barin wannan tambayar ba amsa. Idan kuɗi ne matsalar, dangi su haɗa abin da ya sawwaƙa.

Idan ya kawo maganar tawakkali, a tuna masa cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Dabbobin kuwa amana ce a wuyansa, kuma hadisi ingantacce ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Raba iyali gida biyu, shi a bakin ruwa su a hanya, shi ne mafi munin zaɓi, domin ya jefa kansa a haɗari ya kuma bar mace ita kaɗai da nauyin mutum uku.

Maman Halifa, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na karanta wa maigidana duka, kuma ya ce zai kira yayan yaron. Saura abu biyu da 'yata ta tambaya. Na farko, idan dole ta sa suka shiga matsugunin gwamnati, yaya za ta yi da sutura da salla da abinci a cikin taron maza da mata? Na biyu, mijin yana maganar sayen janareto don bayan guguwa, shin akwai abin da ya kamata su kiyaye?

Alhaji na Obalende

Hajiya, matsugunan nan yawanci makarantu ne, babban zaure guda ake shimfiɗa a ciki, kowa da ɗan wurinsa, fitilu a kunne, babu sirri sosai. Ta tafi da dogayen hijabai masu sauƙin wanki, da zannuwan gado da bargo da abin shimfiɗa na kowa, domin ba lallai a samu gado ba. Ta nemi ma'aikatan wurin tun da suka isa ta roƙi a ba su kusurwa kusa da bango, ta kuma nuna musu tsohuwar da maganinta. Abincin da ake rabawa ba a tabbatar da halaccin namansa ba, saboda haka su ɗauki nasu wanda ba ya buƙatar girki ko firji, irin su kifin gwangwani da biskit da dabino da gyaɗa da madarar gari, sannan a ware wa tsohuwa abin da ya dace da ciwonta da ɗan abu mai zaƙi don lokacin da suganta ya faɗi. Dabbobi galibi a wani ɗaki daban ake ajiye su cikin kejinsu, mai su ne yake zuwa ya ciyar da su ya share musu. Kafin duk wannan, mijin ya tambayi masallacin da yake salla, domin akwai Musulmi da yawa a Tampa, kuma ba mamaki a samu iyalin da suke zaune a kan tudu waɗanda za su ba su ɗaki.

Janareto kuwa mu mutanen Legas ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun sha jin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba saboda hayaƙinsa. Haka yake faruwa a Amurka bayan kowace babbar guguwa. A ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin yana kallon waje, kuma kada a kunna shi a gareji ko baranda ko da ƙofa a buɗe take. Su sayi 'yar na'urar da take ƙara idan gubar hayaƙin ta taru a ɗaki, mai aiki da batir. Kada ya haɗa shi da wayoyin gidan da kansa, domin wutar tana komawa kan layi ta kashe ma'aikatan da suke gyara. Kuma kada su koma gidan sai hukuma ta sanar cewa an buɗe unguwar. Idan sun koma, yara da kyanwa su tsaya a mota ko a gidan da suka sauka har manya su duba wayoyin da suka faɗi da warin gas da ruwan da ya kwanta a ɗakuna.